Ambulan ɗin da Doreen Hartley ta tsare

Ranar Talata huɗu ga watan Fabrairu, da hantsi, Doreen Hartley ta haye tana da shekara saba'in da takwas. Mu 'yan ƙungiyar binciken ruhi ta nan Keighley ba mu cewa mutum ya mutu, sai mu ce ya haye, ni ma haka zan ce, ko da yake kujerarta dai babu kowa a kai. Mista Greenwood, shugaban ƙungiya, shi ya bugo mini waya ina tsakiyar fere dankali. Ya ce ni zan rubuta ta'aziyyarta a mujallarmu tunda na fi kowa daɗewa da saninta. Daɗewa kam na daɗe. Amma Doreen, ba ki taɓa yarda ƙarya ta shiga ɗakin ajiyarki ba, saboda haka zan faɗi alherinki, zan kuma faɗi abin da ke cina.

Shekara arba'in da ɗaya kina riƙe da mabuɗin ɗakin ajiyar littattafan ƙungiya, wanda ke saman shagon darduma, ba a biyan ki ko kwabo. Littafi biyu ake ara, mako uku. Rubutun hannu ba ya fita ƙofa, biro ba ya shiga sai fensir, shayi kuma iyakarsa matattakala. Mun yi ta gulmar tsaurinki, amma kowa ya san ranar da rufi ya yi yoyo ke kaɗai kika sauko da akwati arba'in na bayanan zaman sauraron saƙon waɗanda suka haye, kika yi wata guda kina tafiya a karkace. Da idon tsohuwar Misis Tordoff ya mutu, duk Juma'a kikan hau bas zuwa Bingley ki karanta mata babi ɗaya. Akwai wani direban babbar mota da ɗansa ya haye, ya riƙa zuwa kullum yana aro yana ramewa. Ranar nan kika karɓe takardar aron daga hannunsa kika ce, "Yau babu littafi, ɗan'uwa. Je ka ci kifi da dankali, ka kira matarka, ka dawo Litinin." Ya zo jana'izarki da matar tasa, ya yi kuka kamar yaro.

Duk wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa shekara sittin na yi ina kishinki.

Mahaifiyata, Edna Ramsden, ita ce babbar mai ji a garin nan a zamaninta, wato cikin masu jin saƙon waɗanda suka haye su isar wa na raye. Ni 'yarta tilo ban gaji komai ba. In na zauna a da'irar masu sauraro, kukan cikina kawai nake ji. Ina shekara goma sha shida kika fara zuwa gidanmu, siririyar yarinya daga masaƙa, mai kyakkyawan rubutu. Kafin shekara ta zagayo ke ke zama kusa da ita kina rubuta abin da ta faɗa, ni kuwa ina kicin ina yanka burodin baƙi. Da farko Misis Ramsden kike ce mata. Ban san ranar da ta koma Mama a bakinki ba, na dai ji ta amsa.

Da ta haye, sai wasiyya ta nuna littattafan rubutunta talatin da ɗaya duk ta bar wa ɗakin ajiya, a hannunki. Ni da ta haifa, sai na cike takarda da fensir, in rubuta lambar akwati, in zauna in jira ki kawo mini rubutun uwata. Ko sau ɗaya ba ki ɗauke mini cikewar nan ba. Kina dai ajiye mini kujerar kusa da bututun ɗumi saboda gwiwata, wannan ban manta ba. Amma in na maƙale a wata kalma, sai ki leƙo ta kafaɗata ki karanta ta tsaf ba tare da ko gyara tabarau ba. Wallahi da kin mare ni da ya fi mini sauƙi.

Sai kuma ambulan. Kamar yadda manyanmu suka saba, Mama ta rubuta wani abu da ita kaɗai ta sani, ta sa a ambulan ta liƙe da kakin zuma, shaidu biyu suka sa hannu, aka ba ki ajiya. Duk saƙon da wani mai ji ya kawo da sunanta a rubuta shi da kwanan wata, bayan shekara ashirin da biyar da hayewarta a buɗe a gwada, a ga ko da gaske ita ce ta yi magana. Ni kuwa tun ranar farko ba gwajin ne ya dame ni ba. So nake in san, da Mama ta zauna ita kaɗai ta zaɓi abu guda daga cikin dukan rayuwarta, wa ta tuna.

A shekara ta shida haƙurina ya ƙare. Na cike takardar aro, na rubuta "ambulan ɗin Edna Ramsden, mako uku", na tura miki. Kika karanta har ƙarshe kamar da gaske.

"Ba a ara wannan, Pauline."

"Uwata ce."

"Na sani. Shi ya sa ba zan ɓata mata aiki ba."

Na ce ai a gidanku akwai butar shayi, tururi kaɗan ya isa ya ɗaga bakin ambulan, na tabbata kin daɗe da karantawa. Fuskarki ta yi ja, kika ce, "Kin ɗauka ni ba na son sani?" Muka yi wata bakwai ba ma gaisawa. Ke kika fara saukowa, kika aiko mini da kek ɗin citta ranar haihuwata. Na ci, amma ban gode miki ba.

Wa'adin ya cika ranar Alhamis sha uku ga wata. Kwana tara kacal ya rage miki, Doreen. Mun hau bene mu biyar, Mista Greenwood ya fito da ambulan daga akwatin ƙarfe, kakin yana nan yadda Mama ta danna shi da zobenta. Ashe ba ki taɓa shi ba. Na zarge ki a banza, ga shi na rubuta inda kowa zai gani. Aka miƙo mini wuƙar takarda, na buɗe, na karanta da kaina ba mai leƙowa ta kafaɗata. Layi huɗu ne:

"Ranar da Doreen ta fara zuwa gidana takalminta a jiƙe yake. Na ba ta koriyar safar ulun Pauline, na ce wa Pauline ta ɓace a wanki. A ranar na san na sami 'yar da za ta riƙe mini aikina."

Sunana yana ciki har sau biyu, a matsayin mai safa.

Aka jera saƙonni ɗari da arba'in da uku da kika tattara, babu wanda ya ambaci safa ko takalmi. Mista Greenwood ya cire tabarau ya ce ko da ma an dace gwajin ba zai karɓu ba, domin duk shekarun nan akwai mai rai da ta san zancen safar, wato ke, mai ji yana iya tsinto shi daga zuciyarki. "Edna da kanta ta yi wannan kuskuren," in ji shi, yana girgiza kai. Suka yi rabin awa suna muhawara a kan haka, ina zaune da takardar a hannu. Babu wanda ya yi nufin mugunta, mantawa kawai suka yi ina wurin.

Na koma gida da fushi, amma kafin in kai bakin ƙofa tausayinki ya shigo ciki. Shekara ashirin da biyar kina share ƙurar wasiƙarki ba ki san taki ba ce. Ban san wacce aka fi cuta a cikinmu ba. Sai dai idan abin da muka yi imani da shi gaskiya ne, ke ba ki buƙatar takarda yanzu. Kina zaune kusa da ita, ta faɗa miki da bakinta. Nan ma kin riga ni.

Ina miƙa ta'aziyya ga ƙanenki Alan, da 'yarsa Kirsty wadda ta yi jinyarki ba ƙorafi, da dukan 'yan ƙungiya. Ubangiji ya ba ku haƙurin rashi. Ke kuma Doreen, Allah ya ji ƙanki, ya haskaka miki hanya, ya saka miki da amanar da kika riƙe. Na yi wannan addu'a da zuciya ɗaya, ko da yake sai da na zauna na tattaro ta.

In kin ga Mama, ki gaishe ta. Ki ce mata na yi mako biyu ina neman safar nan a bayan tukunyar wanki, domin ita ta saƙa mini.

Pauline Ramsden