Rundunar da ta Girbe Geron Goggo

Daga sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da abokin aikina, likitan dabbobi Bazulu daga Afirka ta Kudu. Niyyata in ɗauko Goggo daga ƙauyensu kusa da Gatawa. Ɗanta tilo ya rasu bara, kuma hanyar gonarta ta zama wurin 'yan bindiga.

Kuɗin mota ya ninka, ramukan hanya ma sun ninka. A Isa muka sha fura mai sanyi, baƙona ya dangwali yajin tsire har ya yi hawaye, yana rantsuwa wai daɗi ne.

Da muka isa, Goggo ko kallon jakar da na kawo don kayanta ba ta yi ba. "Geron ga ya nuna. Ba inda za ni sai ya shiga rumbu." Raina ya ɓaci. Wa zai shiga dajin nan saboda gero?

Washegari da hantsi na ga amsa. Maza ne suka fito layi guda, kowa da magirbi a kafaɗa. Tsaran marigayin ne, waɗanda aka yi musu kaciya tare. Wasu suka hau bishiyoyi suna gadi, sauran suka faɗa gona.

Baƙona ya cire hularsa, ya ce a hankali, "Ibutho." Ya bayyana mini cewa a Zulanci sunan rundunar mayaƙa ke nan, daga kalmar da ke nufin tarawa. Sarki kan tara samari tsara ɗaya su zama ƙungiya har tsufa, su yi masa noma da kiwo. In sun fita fagen fama a kira su "impi", wato yaƙi da mayaƙansa. Ya ce shi a bakin kakansa kawai ya san abin, sai yau ya gani da ido.

Kafin la'asar dammuna sun cika rumbu, kowa ya dawo lafiya. Na ce wa Goggo to, sai mu kama hanya. Ta nuna su da haɓa: "Ɗa guda na rasa, waɗanga sunka rage min. In tahi in bar su ga wa?"

Muka kwana Sabon Birni, washegari muka iso gida. Na tafi ina ganin Goggo ba ta da kowa, ashe ni ne ban san mutanenta ba. Kujerar da na tanadar mata, damin gero ne ya zauna a kai.