Jarkar Zartsi Ta Inna

Asabar: Abuja zuwa Bauchi

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar unguwar Gudu, ni da direba Malam Iliya, cikin tankar ruwan da mu 'yan garinmu mazauna Abuja muka saya wa ƙauye. Rijiyarmu zartsi ce, injin cire gishiri kuwa ya fi ƙarfinmu. Inna, mahaifiyata, wadda ciwon ƙafa ya zaunar a gidana shekara shida, ta rako ni ƙofa da jarka wayam. Ta ce in ciko mata daga tsohuwar rijiya, wai ruwan Abuja salam yake, ba ya kashe ƙishi. Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Tanka ba ta san sauri ba. A Hawan Kibo har masu keke na yi wa hassada. Bayan magariba muka shiga Bauchi, muka ci masa ta dubu biyu, muka kwana a masauki kusa da tasha.

Lahadi: Bauchi zuwa gida

Awa biyu muka yi muna cika tanka a wata rijiyar burtsatse a Potiskum. Da la'asar sakaliya, gaba da Gashuwa, muka shiga ƙauye. Mata suka fito da bokitai suna guɗa. Da na nemi guga, kawuna Audu ya riƙe baki.

"Ka kawo mana zuma, kana roƙon maɗaci?"

Na ja ruwan tsohuwar rijiyar da kaina, na cika jarka, na kurɓa. Ɗanɗanon ƙuruciyata ne sak. Kewar gida ta kama ni, alhali ina tsaye a cikinsa.

Litinin da Talata: komowa

Tanka ta zauna, na biyo motar haya, na kwana Jos. A shingen Akwanga soja ya ga jarkar, ya zaci fetur ne. Ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce, "Oga, wannan ka ɗauko tun daga Yobe?"

Ƙarfe biyu na rana na iso Gudu. Inna ta sha kofi guda ido a rufe. Na miƙa hannu zan ƙara mata, ta dafe murfin jarkar.

"Sauran ka adana. In ƙasar gida ba ta samu rufe ni ba, ruwanta ya wanke ni."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Iliya. Jarkar tana ƙarƙashin gadonta.