Bahon da Na Goge da Toka

Wata Asabar a watan Mayun 1983, shekarar yunwa, na tsuguna a tsakar gidanmu na unguwar Nima da gwangwanin toka, da soson waya, da kyakkyawar niyya, wadda ta fi su duka kaifi. Shekaruna tara. Mma, mahaifiyata, ta ce in wanke duk abin da ke waje kafin in fita ampe, wasanmu na tsalle da tafi. Ruwan jiya ya yi yoyo a ɗakin Gwaggo Rakiya, ƙanwar babana, ta fito da kayanta ta shanya. A cikinsu akwai bahon roba shuɗi, na wankan jarirai.

Wata uku ke nan da dawowar Gwaggo daga Legas cikin baƙin da aka koro daga ƙasar, a bayan babbar mota. Ta bar keken ɗinki da katifa, ta ɗauko baho a ka. Ta taso da ɗanta Aliyu, ɗan wata bakwai, a goye. Ta iso Nima da zanen goyon a ninke. Ba wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayani, amma a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu labari ta bango yake bi, kamar danshi.

A gindin bahon akwai zanen agwagi uku, a jikinsa kuma wani layin dauɗar sabulu ya zagaye shi. A gidanmu kuwa da toka ake ladabtar da komai, daga tukunyar wake da shinkafa har fason ƙafar yaro. Na zuba toka, na ƙara yashi, na durza har hannuna ya yi zogi. Layin ya tafi. Agwagi biyu suka bi shi, ta ukun ta tsira da kai da rabin fiffike. Shuɗin ya koma fari-fari, duk ƙarce. Na ɗauka na kai wa Gwaggo ina jiran yabo, kamar ɗalibar da ta cika takardar jarrabawa da amsar tambayar da ba a yi ba.

Da ta dake ni da na huta. Sai ta sa yatsa tana bin inda layin yake a da, ta ce, "Nan ruwanshi ke tsayawa." Mma ta taho da takalmi a hannu, Gwaggo ta tare ta: "Bar ta, Yaya, aikin da kuka koya mata ta yi."

Da la'asar Gwaggo ta kira ni. Ta sirka ruwa ya yi ɗumi, ta gutsuro sabulun salo, wanda muke cewa alata, ta yago tsumma mai laushi, ta riƙe hannuna muka shafa bahon a hankali, muka ɗauraye, muka kife a inuwa. Cikin Hausarmu ta zango, wadda ba ruwanta da namiji da mace, ta ce, "Tukunya in ka durza shi, zai yi haske. Roba in ka durza shi, zai riƙe ka."

Ya riƙe ni kuwa. Kowace Asabar ni ke wanke shi, ko da yake ba a sake yi wa kowa wanka a ciki ba, kuma dauɗa ta samu masauki a cikin ƙarcen, ba tsumman da ya iya korarta. Gwaggo ta rasu bayan shekara takwas, ba ta ƙara haihuwa ba, ba ta taɓa tuna mini da laifina ba.

Yanzu bahon roba tuli yake a kasuwar Nima, in an yi ruwa har yawo yake a babbar kwata, ba mai waiwayarsa. Na bar aikin koyarwa, amma har yau in na ga jikata ta ɗauki soson waya, sai na tambaye ta abin da za ta wanke, da kuma na wane ne. Ba kowace dauɗa ce ke jiran mai tsafta ba.