Baba Nomau, Mai Amsa Mini Sallama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Nomau mai gyaran rediyo ya rasu.

Yau da safe labarin ya iske ni, ina tsaye a ƙofar aji da alli a hannu. Ɗiyarsa Zali ce ta kira daga likitar Madawa, asibitin da aka kwantar da shi. Ta ce "Mushe," yadda ake kiran mu malaman boko. Ban bari ta ƙarasa ba.

Na roƙi abokin aikina ya riƙe mini ajin, na zo bayan lakwal, wato makarantarmu, na zauna. Ku yi haƙuri da rubutun.

Duk wanda ya zauna Buza ya san rumfarsa a bakin kasuwa. Rediyo, tocila, caja, kai har agogon da ya mutu tun zamanin kakanni, ka kai masa ya ce ka dawo bayan la'asar. Da ƙuruciyarsa makanike ne a furojen nan, wato aikin gyaran ƙasa na Keita. In ya fara ba ka labarin duwatsun da suka mayar daji, to ka nemi wurin zama.

Ni kuwa ba rediyo ta haɗa mu ba. Jirgi ne.

Ɗan jirgi mai saukar ungulu, ja, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, irin wanda ake tuƙawa daga nesa da telekomand, wato rimot. Ɗansa da ke aiki Aljeriya ya kawo masa tsaraba. Ranar da na fara ganinsa yana share shi da gefen rawani, bakina da ba ya shiru na ce, "Haba Baba, da furfurarka kana wasan yara?"

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Awo. Kai da kay yi boko, taho ka tashe shi mu gani."

Na karɓa da izza. Wallahi ko numfashi biyu ban yi ba jirgin ya daki buhun gawayin maƙwabcinsa. Kasuwa ta kwashe da dariya. Ni da na haura arba'in, ina koyar da lissafi!

Washegari ya aiko a kira ni. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya rage murya ya ce, "Mushe, idona na tahiya. Ciwon suga ya ci shi. In jirgin ga ya wuce tsawon mutum ba ni ganin shi. So nike wani ya iya tun ina gani, ya tashe shi, ya riƙe shi, ya sauke shi lahiya. Kai na zaɓa."

Na ce don me ni, bayan abin da na yi jiya?

Ya ce, "Kai kaɗai ka duƙa ka ɗauko shi da hannu biyu."

Daga nan muka fara, kullum kafin magariba in iska ta kwanta, a faƙon nan na bayan lakwal. Ya gicciya karan dawa biyu ya ɗaure a ƙafafun jirgin don kada ya kife. Ya ce wutsiya ta riƙa kallona, kar in wuce tsawon gwiwa, kuma in taɓa sandunan nan biyu a hankali kamar mai zuba gishiri a miya. Batir ɗin ba ya jimawa, sai mu zauna jiran caji, shi yana dafa shayi, ni ina shan faɗa.

Duk wannan na iya shi cikin sati biyu. Abu ɗaya ya gagare ni.

Gaisuwa.

Hanyar rijiya da ta kasuwa duk ta faƙon suke bi. Kun san mu. Mutum ba ya wucewa bai yi sallama ba, kuma ba a amsawa da ƙeya. Da na ji "Salamu alaikum" sai wuyana ya juya da kansa, hannu ya tafi ƙirji. Ina gajiya, ina gida, ina yara. Kafin in kai "to madalla" jirgi yana ƙasa, farfela ta tsage.

Farfela nawa na karya, ban ƙirga ba. Shi yake zama da gam da reza yana lalube da yatsa, yana kawo ta kusa da hancinsa don ya gani. Bai taɓa nuna mini ya gaji ba, sai dai ya ce, "Mushe, kai da gaisuwa kamar mai neman kujerar mer, magajin gari."

Na ce mu hau dutse inda babu kowa mana. Ya ce gwiwarsa ba ta hawa, kuma ko can makiyayi zai iske mu.

Mafi muni ranar da surukina Alhaji ya biyo. Jirgi na sama, ya tsaya cak, karon farko ke nan. Sai na ji muryar Alhaji a bayana. Jama'a, ban san lokacin da na durƙusa ba. Telekomand a ƙasa, ni a ƙasa, jirgi kuwa ya nufi aduwa ya shige cikin ƙaya. Da gora muka zaƙulo shi, Alhaji na riƙe mana takalma.

Ranar na ce na bari. Na ce, "Baba, nemi wani. Lokacinka nake ci, idonka kuma ba jirana yake ba."

Ya ci gaba da juya shayi. Can ya ce, "Kai ba ka je makarantar allo ba? In anka yi ma jama'a sallama, mutum guda ya amsa, ya ɗauke ma saura. Mu biyu muke nan. Kai riƙe jirgi, ni in riƙe mutane."

Haka aka yi. Ya kawo kujerarsa ya dasa a bakin hanya. Duk wanda ya yi sallama, shi zai amsa da ƙarfi, ya ja gaisuwar har iyaka, ya tambayi shanu da awaki, ya ƙara da cewa, "Mushe na gaishe ka, hannunai na cike." Da aka fara ƙus-ƙus wai malamin lakwal ya yi girman kai, da sandarsa ya taka har gidan Alhaji ya yi bayani. Ni ban ma sani ba, matata ce ta faɗa mini daga baya.

Wane ne zai yi maka haka?

Duk da haka wuyana bai daina motsi ba. Ya ragu dai. Shi kuma idon yana ta ja baya. Har ya kai ga tambayata, "Ya tashi?" alhali jirgin na gabansa. In ya yi wannan tambayar sai in ji kamar in yi kuka.

Da jikin ya tsananta ya daina fitowa. Ya aiko Zali da kwalin jirgin, ya ce in ci gaba, zai zo duba ni.

Ran Talatar da ta wuce na fita da sassafe ni kaɗai, kafin a buga ƙararrawar shiga aji. Na tashe shi. Ya kai ƙirji, ya wuce kai, ya tsaya kamar an rataye shi. Sai na ji babur ɗin kabu-kabu ya tsaya a bayana.

"Salamu alaikum."

Muryarsa ce. Na gane ta sarai.

Wuyana ya fara, na danne. Na ce a raina bari in sauke masa shi lahiya ya gani, sannan in juya.

"Salamu alaikum, Mushe."

Na cije. Ina saukowa da shi kaɗan-kaɗan. Ya taɓa ƙasa a kan ƙafafunsa, ko tangaɗi bai yi ba. Na kashe, na juya da ihu, "Baba, ka gani?"

Babur ya riga ya yi nisa. Ashe tasha za a kai shi, motar Madawa tana jira. Bayansa kawai na hango, da rawanin nan nasa da ba ya zama daidai.

Da azahar saƙon murya ya shigo wayata. Yau na saurare shi ya fi sau goma. Yana dariya, yana tari.

"Mushe, gaskiya ban ga jirgi ba, idon ya ƙiya. Ƙara tai kaɗai na jiya. Amma na yi ma sallama har sau biyu ba ka juyo ba. Nan na san ka iya. Allah shi yi ma albarka."

Na mayar masa da cewa ran Juma'a zan zo Madawa in amsa masa da bakina, in durƙusa yadda ya kamata. Zali ta ce ya ji saƙon, ya yi murmushi.

Yau Alhamis.

Ranar babu kowa a faƙon da zai ɗauke mini. Ni kaɗai ne, kuma ni aka yi wa sallamar. Na san ya ji daɗi, ya faɗa da bakinsa, amma wallahi abin yana nan a raina.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Baba Nomau. Na makara.

Ya Allah ka jiƙan bawanka. Ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka mayar masa da gani wanda ya fi wanda ya rasa. Ka ba Zali da 'yan'uwanta haƙuri.

Za a kawo shi Buza, jana'iza bayan la'asar a ƙofar gidansa. Wanda ke kusa ya daure ya zo. Wanda ke nesa, don Allah kar ka wuce rubutun nan haka kawai. Tsaya ka yi masa addu'a, ko ba ka san shi ba.