Baƙin Tabo a Jirgin Mama Zuhura

A gaɓar tekun tsibirin Lamu, wata dattijuwa tana durƙushe cikin jirgin ruwa mai filafilai, ta ci ɗamara da gyale. Ruwan gishiri ya ɗaye man katakon ciki, ya bar baƙin tabo. In ruɓa ce, jirgin ya gama yawo. Yadda take lallaɓa shi, da alama na marigayi maigidanta ne.

Tana goga samfefa, ko ƙiftawa ba ta yi, sai ga jan katako garau.

"Mama Zuhura, ba ni jirgin nan in yi makamashi mana!" in ji wani masunci, yana dariya.

Ta ƙwanƙwasa wurin, ta ji tauri, ta yi ajiyar zuciya.

"Yaro, wannan sai ya ɗauki jikokinka. Miƙo mini buroshi in shafa masa mai."