Kai Baba Ladan Tudun Wada

Ana sallame asuba muka bar ƙauyenmu, ni da ƙanena a ƙasa, Baba a kan jaki. Shekara talatin yana ladanci, amma bana sau uku yana kiran azahar da hantsi, mutane suna baro gona a guje. Liman ya ce in ba a samo magani ba, sai a ba wani ladancin. Ni kuwa na sha yi wa Baba faɗa, ina zaton taurin kai ne.

Hanya duk laka. Da muka iso titin jirgin ƙasa, jakin ya kafe, ya ƙi tsallake ƙarfen Bature sai da muka rufe masa ido. A bakin Tudun Wada muka sha fura wadda ruwa ya fi nono yawa. Garin baƙi ne, Kanawa, Nufawa, Barebari, kowa da harshensa, kowa yana sauri.

Muka sami wani malamin asibiti da ya yi aiki da likitan Turawa. Ya nuna ni, ya tambayi Baba ko wane ne. Baba ya ce, "Wannan bawan Allah tun safe yake bina, yana da kirki." Sai da na juya na share ido.

Malamin ya ce mantuwa irin wannan ba ɗaya ba ce. Akwai mai biyo bayan shanyewar jiki, in hanyar jini ta toshe a ka, takan ƙaru mataki-mataki. Akwai ta yawan shan giya, akwai ta ciwon barci ko tunjere, cutar nan ta saduwa, in sun taɓa ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wadda ƙwaƙwalwar ke lalacewa a hankali, sabon abu ya fara gudu, tsoho ya daɗe.

"Ta Baba ke nan," in ji shi. "Ba sammu ba ne, ba kuma da gangan yake yi ba. Magani dai babu."

Washegari muka iso gida, na faɗa wa Liman gaskiya. Na roƙe shi a bar Baba a kan ladancinsa, ni zan riƙa duba inuwa don sanin lokaci ina kai shi masallaci. Ya ce to.

Na tafi neman magani, na dawo da kunyar faɗan da na riƙa yi wa marar lafiya. Da la'asar na kama hannunsa na ce, "Baba, lokaci ya yi." Ya yi mini godiya irin wadda ake yi wa baƙo, sannan ya sa yatsu a kunne, ya kira salla ba tuntuɓe ko ɗaya.