Sandar Baba

Jiya a kasuwar Kafanchan na ji ƙarar sandar guragu a kan siminti, ƙwas, ƙwas, sai na tuna da Baba, yayan mahaifina.

Ƙafa ɗaya gare shi. Ɗayar tun yana saurayi wani mai ɗori ya ɗaure ta tamau, ta ruɓe, likitoci suka yanke. Ba shi da yawan magana. In ransa ya ɓaci, sandar yake bugawa a ƙasa.

Ranar da motar citta ta kife da mu a hanyar Fadan Kagoma, ƙashin ƙaurina ya huda fata ya fito, fari fat, jini ya cika mini takalmi. Gida aka kai ni. Maza biyu suka danne ni a tabarma, mai ɗori ya kama diddigena yana ja, ina ihu, ina jin ƙashin yana gugar ɗan'uwansa.

Sai ga Baba. Bai gai da kowa ba. Ya ɗaga sandar ya shirga wa mai ɗorin a hannu, shi Baban kuma ya faɗi tim, don ba abin da ke riƙe da shi. Daga nan ƙasa, leɓensa a fashe, ya dubi mahaifina.

"Tawa ta ishi gidan nan. Kai ta asibiti."

Ƙarfe aka sa mini, da ƙafar nake yawo har yau.

Ubangiji ya ba ka hutawa, Baba. Ranar tashin matattu ya tashe ka da ƙafa biyu, amma ya bar maka sandar.